Na sayo kayan ɗaga Hilux ɗinmu zan ɗaura da kaina, Yaya ya ce ban isa ba

Saƙon wannan makon daga wani ƙanenmu ne a Zariya, na ɗan rage shi dan ya yi tsawo:

"Assalamu alaikum Malam, dan Allah shawara nake nema. Muna da Hilux ƙirar 2012 mai ƙofa huɗu, fowil ce mai ja da tayoyi huɗu, mahaifinmu Allah ya jiƙansa ne ya bar ta, ba a raba ba, tana hannuna saboda ni ke kula da gonarmu ta wajen Saminaka. Bara da damina sau uku tana kafe min a hanyar gona, na ƙarshen sai da tarakta ta zo ta ja mu, takin da na ɗauko duk ya jiƙe. Shine na tara kuɗi na yi odar kayan ɗaga mota na inci 3 ta intanet, sun iso, wasu ƙarafa ne masu kauri da ake sawa a saman shokazoba na gaba, da bulo na ƙarfe na baya da dogayen yubol na ɗaure sifirin da aksil. Na kalli bidiyo a YouTube sun fi ashirin naga abin ba wuya, ina so in ɗaura da kaina a ƙofar gida ranar Asabar, dan gaskiya na gaji da kanikawa, wanda na kai wa gyaran ƙafa kwanaki kuɗin sabon kaya ya karɓa ya sa min tsoho. Yayana ya ce in dai ya isa da ni kar in taɓa motar, matata kuma sai kuka wai zan kashe kaina. Ni gani nake rainin hankali ne kawai, duk cikinsu ba wanda ya taɓa kwana a daji da mota a laka. Ina da jak da sifanoni, tayoyina 265/65R17 ne. In yi ko kar in yi?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Amsar a gajarce ita ce ranar Asabar ɗin nan kar ka yi, kuma waɗannan kayan da ka sayo ni da kaina bazan ɗaura su a motar da ke ɗaukar taki ba. Amma kar ka rufe wayar cikin fushi, bance kai ba za ka iya aikin mota ba, akwai rabin aikin da zan ce ka yi da hannunka ma, tsaya dai ka ji.

Abinda nake so ka fara yi ba sifana a ciki. Ka samu tabarma ka shimfiɗa ka kwanta a bayan motar da tocila, ka duba ƙarƙashinta, wurin da ƙarfe ya goge ya yi fari ko inda busasshiyar laka ta cushe, nan ne motar take zama in ta kafe. Ina kyautata zaton abinda za ka gani shine tulun aksil na baya, wannan dunƙulallen ƙarfen da ke tsakiyar tayoyin baya, dan hanyar gona irin ta ƙasar Lere tarakta da manyan motocin masara ne ke haƙe ta, su bar ramuka biyu a gefe da doron ƙasa a tsakiya, tayoyinka su faɗa ramukan, tulun ya hau doron ya zauna daram, tayoyi suna ta juyawa a banza kamar injin markaɗe. Toh in nan ne matsalar, sai in gaya maka abinda masu bidiyo basu cika faɗa ba, kayan ɗaga mota basa ɗaga wannan tulun ko da faɗin farce. Aksil ɗin baya a jikin tayoyi yake, su kuma tayoyi suna ƙasa, abinda bulo da sifirin suke ɗagawa shasi ne da bodi, wato za ka ga mota ta yi tsayi ta yi kwarjini a ƙofar gida yara suna zagaye ta, amma in ka koma wannan ramin dai a daidai wurin bara za ta sake zama. Abu ɗaya ne ke nisanta tulun da ƙasa, taya mai tsayi. Shi yasa asalin amfanin ɗaga mota shine a samar wa babbar taya wuri, sai kuma cikin motar da bamba su daina dukan ƙasa wajen hawa tudu ko gangara kwari.

Ga lissafin ma ka yi da kanka. Tayarka 265/65R17 tsayinta kusan milimita 776 ne, in ka koma 265/70R17 ya zama kusan 803, bambancin bai wuce milimita 27 ba kuma rabinsa ne kawai ke ɗaga aksil, wato milimita 13, rabin inci kenan. Kaɗan ne ko? Kaɗan ne, amma ya fi sifili da inci 3 ɗinka za su ba tulun, kuma abinda ya fi tsayin ma muhimmanci shine zanen tayar. In tayar kwalta ce a ƙafarka mai ƙananan zane, da ta shiga taɓo zanen ya cike ta koma sumul kamar sabulu, ko ka sa ogzilari, wato giyar fowil, duk huɗun ne za su yi ta wulwulawa. Taya mai manyan haƙora irin wadda ake rubuta A/T ko M/T a jikinta ita ke tofar da laka ta kama ƙasa. Sai ka san cewa da ka ƙara girman taya malejinka zai fara yi maka ƙarya, in ya nuna 100 kana kan 103 da ɗoriya, kuma mai zai ɗan ƙaru.

Wani abin kuma, motar nan shekararta nawa tana dakon taki da masara? Buhun taki kilo 50 ne, goma kawai ka loda rabin tan kenan, kuma na san halinmu ba goma muke tsayawa ba. Sifirin ɗin baya na mota irin wannan yawanci ya riga ya gaji ya kwanta, in ka duba ka ga ganyayen sifirin sun miƙe sambal babu wannan lanƙwasar, ko robar da ke hana aksil dukan shasi ta yi sheƙi saboda yawan bugu, to motarka ta sauka ƙasa da yanda aka ƙera ta tun tuni. Sa bulo a ƙarƙashin mataccen sifirin kamar ka ba gurgu takalmi mai tsini ne. Da yawa sabon sifirin mai ƙarfi kawai suka sa suka ga mota ta tashi, suka fasa zancen ɗagawa gaba ɗaya.

Yanzu maganar inci 3. Hilux irin taka, wadda ake ce wa Vigo da aka yi daga 2004 zuwa 2015, gabanta ba irin na tsohuwar Land Cruiser ba ne mai aksil guda miƙaƙƙe. Kowace tayar gaba zaman kanta take, tana da hannun sama da hannun ƙasa da boljoyin, ga shokazoba da sifirin mai murɗi a haɗe, ga shaf da ke kawo mata ƙarfi daga tsakiya. In ka ɗaga gaban, hannayen nan sai su sunkuya ƙasa, shaf ɗin ma ya karkata, kuma a yawancin waɗannan motocin shaf ɗin yana juyawa ko baka sa ogzilari ba. Zuwa inci 2, wato milimita 50, ƙafar tana jurewa, shi yasa za ka ga kamfanonin da suka yi suna a wannan harkar irin Old Man Emu da Ironman na Ostareliya yawancin kayansu na Hilux a nan wajen suke tsayawa. Da ka wuce nan sai abubuwa su fara biyo juna, robar shaf ta yage giris ya fita yashi ya shiga ka fara jin ƙas ƙas ƙas in ka karya kwana, boljoyin na sama ya kai ƙarshen lanƙwasarsa, hannun sama ya riƙa dukan sifirin in taya ta faɗa rami, mai alaimen ya yi ta murɗa noti har ya ƙure bai samu daidai ba, sitiyari ya daina dawowa tsakiya da kansa, mota ta riƙa yawo a kan kwalta kana ta kama ta. Masu ɗaga inci 3 da gaske sai sun canza hannun sama sun sa wanda aka ƙera dan haka, sun sauko da tulun gaba da shaf ke fitowa daga cikinsa kaɗan, sun sa dogayen shokazoba a baya, kai kuma a kwalinka ba ko ɗaya daga ciki. Wannan shine dalilin arahar.

Kuma su ƙarafan saman shokazobar, ba su ƙara wa ƙafa komai, tura ta ƙasa kawai suke yi, sifirin ɗin dai tsohon ne, shokazoba tsohuwa. Ka ma auna kaurinsu ka gani, za ka ga bai kai inci 3 ba, kar ka ce an cuce ka, saboda yanda hannun ƙasa yake aiki kamar maɗaukin awo, kaurin ƙarfen yana kusan ninkawa kafin ya iso taya. Na faɗi wannan ne dan na san wani da ya ga ƙarfen ya yi masa siriri ya je wajen mai walda aka ƙara masa wani a kai. Bulon baya shi ma yana da nasa, yana nisanta aksil da sifirin, in ka taka mai da ƙarfi a cikin laka da kaya a baya aksil ɗin yana son ya murɗe, tayoyi su riƙa tsalle, farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai ƙarfi tayoyin baya, da yubol su sha wahala. Ga motar gayu da ke zaga gari babu laifi, ga motar gona kuwa sifirin sabo mai ƙarin lanƙwasa shine magana, kuma ana sayar da su aji aji gwargwadon nauyin da mota ke ɗauka kullum, sai ka gaya wa mai sayarwa gaskiyar lodinka. In ka ɗauki mafi tauri alhali rabin shekara wayam kake yawo, ƙugunka ne zai biya a kan gargada. Dan Allah kuma kar wani ya ce maka a kai tsohon sifirin maƙera a gasa shi a wuta a lanƙwasa, wuta tana kashe ƙarfin ƙarfen, sati kaɗan zai koma ya kwanta ko ya karye.

Toh mu zo kan kukan matarka, dan ba kukan banza take ba ko da bata san sunan abinda take tsoro ba. Abubuwa biyu ke kashe mutum a wannan aikin ko su nakasa shi. Na farko jak. Jak na ɗagawa ne ba na riƙewa ba, mota mai nauyin kusan tan biyu ba a shiga ƙarƙashinta tana kan jak, balle kai da za ka riƙa jijjiga ta kana dukan noti da guduma, kuma ƙofar gida ƙasa ce ba siminti ba. Bulon siminti ma da mutanenmu ke jerawa ba abin yarda bane, baya gargaɗi, ruguzawa kawai yake lokaci ɗaya. Sai da ƙafafun ƙarfe na tokare mota guda biyu ko huɗu a ƙarƙashin shasi, a kan daɓe mai ƙarfi da ya miƙe, a sa waigi a tayoyin da ke ƙasa, tayar da ka cire ka tura ta ƙarƙashin shasi ta zama madogara ta biyu, kuma kar ka yi aikin kai kaɗai a gida ba kowa.

Na biyu sifirin ɗin gaba mai murɗi. Wannan abin a matse yake a jikin shokazoba da ƙarfin ɗaruruwan kilo ko da ka ciro shi ka ajiye a ƙasa, noti ɗaya ne a tsakiyar samansa ke riƙe da shi. Shekarun baya ina zaune a wani gareji ina jiran a gama min aiki, wani yaron gareji aka ba shi irin wannan ya kwance, ya kama sifirin ɗin da waɗannan ƙugiyoyin masu dogon zare guda biyu, ɗaya ta zame ta koma gefen 'yar uwarta, wallahi ƙarar da muka ji kamar an harba bindiga, hular saman ta tashi ta huda kwanon rumfa ta fita, yaron Allah ya yi da sauran kwanansa amma yatsunsa biyu basu sake lanƙwasuwa ba. Tun ranar ko ni ban ƙara tsayawa a saitin wannan abin ba. Masu bidiyo suna yin wannan wajen cikin minti biyu da kiɗa a baya, ba za su nuna maka wanda ya kuskure ba dan shi baya ɗora nasa. In za ka sa sabbin kayan gaba, ko dai ka sayo su a haɗe daga kamfani ka ɗaura kawai, ko ka ciro naka ka sa a but ɗin wata mota ka kai inda suke da injin matse sifirin na jikin bango su haɗa maka kana tsaye. Ƙananan notin da ke kewaye a sama su ake kwancewa a ciro shi daga mota, na tsakiyar nan kuwa kar sifanarka ta taɓa shi.

Akwai na uku ma wanda baya zuwa ranar aiki, sai bayan wata biyu a hanyar Pambeguwa kana kan gudu akuya ta shigo maka. Duk inci ɗaya da ka ƙara, nauyin motar ya ƙara hawa sama, kuma Hilux dama doguwa ce. A 2016 wata mujallar motoci ta ƙasar Suwidin mai suna Teknikens Värld ta yi wa sabuwar Hilux gwajin kauce wa dabba a hanya, a gudun da bai wuce kilomita 60 ba motar ta ɗaga tayoyi biyu saura ƙiris ta kife, kuma wannan mota ce yanda kamfani ya fito da ita ba wanda ya ɗaga ta. Toh ka ƙara inci 3, ka jera buhuna har sun wuce kan mota, ka ɗora 'yan ƙwadago shida a sama. Kai ma ka san sauran.

Yanzu abinda zan yi da ni ne kai. Kayan nan in mayar in ana karɓa, in ba a karɓa in sayar wa masu gayu ko da na ɗan yi asara, in haɗa kuɗin in fara da tayoyi, in gwada damina ɗaya ko ma wata ɗaya. In ƙara da shebur da igiyar ja mai ƙarfi da famfon iska mai aiki da batir, dan rage iskar taya kafin ka shiga wuri mai laushi yana yin abinda kuɗi da yawa basa yi, direbobin Agadas da ke keta rairayi da Hilux da Land Cruiser ba wanda zai shiga yashi da taya a cike tam, sai dai in da lodi kar ka rage da yawa, kuma da ka hau kwalta ka mayar da iskarka. In bayan haka har yanzu cikin motar na dukan ƙasa ko sifirin ya mutu, sai in nemi cikakken kaya na inci 2, sifirin da shokazoba gaba da baya da sabbin bushin da sabbin yubol, in an tashi saye a Kofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ko Legas a tafi da wanda ya san kaya dan jabu ya yi yawa a ko'ina.

In ka kai nan, bayan motar za ka iya yi da kanka kai da mutum ɗaya mai hankali, aiki ne na ƙarfi da haƙuri ba na sihiri ba. Kafin ka kwance komai ka ajiye motar a wuri miƙaƙƙe ka auna daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin bodi ka rubuta, in ba haka ba ba za ka taɓa sanin nawa ta tashi ba ko wane gefe ya karkace. Ka ɗauki hoton komai da waya. Tun ana saura kwana biyu ka riƙa fesa wa notina man sassauta tsatsa, dan a bidiyo motocinsu sababbi ne noti na fita kamar a man shanu, taka kuwa ta sha laka damina fiye da goma, noti ɗaya zai iya cinye maka yini. Ka yi gefe ɗaya ka gama kafin ka taɓa ɗayan, aksil ɗin na kan jak yana tallafe. Lokacin da kake sauke aksil idonka na kan tiyon birki da wayar birkin hannu da wayar ABS mai hana birki kulle taya in tana da shi, kar su ɗaure kamar tsirkiya, in sun yi gajere sai an sauko da maƙalinsu ko an sa masu tsayi. Ƙusar tsakiyar sifirin dole ta faɗa raminta a kan aksil, in bata zauna ba motar za ta riƙa tafiya a karkace kamar kare. Yubol sabo ake sawa, tsohon ya riga ya miƙe, a ɗaure su a gicciye kaɗan kaɗan, kuma ka nemi sifana mai gejin ɗauri ka bi lambobin da ke takardar kayan, ɗaurin "sai ya yi ƙara" da ake yi da dogon bututu shi ke tsinka noti.

Ga wasu ƙanana guda uku da ko kanikawa suna tsallakewa. Duk notin da ya ratsa ta cikin bushin na roba ba a ƙarasa ɗaure shi mota na rataye, sai an sauke ta ta zauna a kan tayoyinta an ɗan jijjiga ta tukuna, in ka ɗaure a sama robar za ta zauna a murɗe ta yage cikin 'yan watanni ka ce kayan ne jabu. Sannan ka leƙa saman aksil ɗin baya, in ka ga wani siririn ƙarfe ya taso daga aksil ya haɗu da wani ɗan bawul a jikin shasi da bututun birki a jikinsa, wannan shi ke gaya wa birki ko mota na da kaya, in baya ya zauna sai ya ƙara wa tayoyin baya birki. Da ka ɗaga motar shi a ganinsa kullum wayam take, sai ya rage birkin baya alhali kana ɗauke da buhu ashirin, dole a ɗaga maƙalinsa daidai da abinda aka ɗaga motar. Yawanci marasa ABS ne ke da shi. Na ukun, yawancin kayan nan daga Ostareliya ko Tailan suke fitowa inda sitiyari ke dama, mu kuma tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama sitiyarinmu na hagu, in ka ga an rubuta wa sifirin ɗaya "gefen direba" ka karanta takardar da kyau ka tambayi mai sayarwa direban wace ƙasa ake nufi, dan wani lokacin ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsayi.

Gaban kuwa ka kai gareji, ba dan ka kasa ba, dan kayan aikin ne baka da su, abin fitar da boljoyin da injin matse sifirin da rami, kuma ko wa ya yi aikin daga nan wajen alaimen za a wuce kai tsaye ba gobe ba, in ba haka ba sabbin tayoyin da ka zuba wa kuɗi gefe ɗaya za su cinye kafin kaka. A saita fitilun gaba ma dan kar ka riƙa kashe wa mutane ido. In ka ji kakkarwa a ƙarƙashin kujera lokacin tashi daga tsaye, farfela ce kwanarta ta canza, ana gyara ta da ɗan ƙarfe a wajen boris ɗinta na tsakiya. Bayan ka yi kamar kilomita 500 ka koma ka sake bin yubol da duk notin da aka taɓa, sabon sifirin yana zama ya saki.

Na ji zafin abinda wancan bakaniken ya yi maka kuma ban ce ka koma wajensa ba. Amma maganinsa ai mai sauƙi ne, kai za ka sayo kayanka, ka zo da su a kwalinsu, ka ja benci ka zauna a yi a gabanka, tsofaffin a zuba maka a bayan mota ka tafi da su, kuɗin aiki kawai za ka biya. Ka tambayi direbobin da ke jan Hilux na ma'aikatu da na 'yan kwangila inda suke kai gyaran ƙafa, su suka san wanda hannunsa ke da kyau. Zaman da za ka yi kana kallo yini ɗaya zai koya maka abinda bidiyo ashirin ɗin basu koya maka ba, dan a kan motarka ake yi da tsatsarta.

Saura Yaya. Ka ce rainin hankali ne, ni kuma da na karanta saƙonka sau biyu abinda na gani shine kai da bakinka ka ce ba a raba motar ba. Toh ai ba taka bace kai kaɗai ƙanena, riƙo aka baka, Yaya na da haƙƙi a ciki, in kuna da 'yan uwa mata suna da shi, in Hajiya na raye tana da tumuninta a cikin kowace taya. Ka yi oda baka gaya wa kowa ba, kaya suka iso sannan ya ji, ko ni ne zan ce kar a taɓa, kuma ka san Hilux da aka yi wa taɓe taɓe a ƙafa dillalai rage mata kuɗi suke ranar da aka tashi sayarwa a raba. Shi kuma inda bai kyauta ba, in har yanda ka faɗa ne, shine hanawa ba tare da ya tambayi me ya kai ka ba, dan kai ne ka kwana a daji sauro na cinka, kuma masarar da ake nomawa kowa na ci. Ka same shi a gida bayan isha'i ba a waya ba, ka fara da ban haƙuri kan odar da ka yi ba shawara, kar ka tsaya kare kanka, sannan ka nuna masa hoton inda motar ke gogar ƙasa, ka lissafa masa abinda kafewar bara ta ci, kuɗin tarakta da takin da ya jiƙe da kwanakin da aka rasa, ka ce ga abinda kake gani, tayoyi yanzu, sifirin in an sayar da amfani, kuma tunda motar gida ce aikin gida take yi, kuɗin ya fito daga gonar ba daga aljihunka kai kaɗai ba. In ma da hali ka ɗauke shi ku je gonar cikin watan Agusta ya zauna a gaba, ba sai ka yi dogon bayani ba.

Ita kuma uwargida ka gaya mata ka fasa shiga ƙarƙashin mota a kan jak, ka nuna mata ƙafafun ƙarfen in ka sayo. In ka kwanta ka duba ƙarƙashin motar ka turo min hoton wurin da ya goge da awon nan huɗu na tsakiyar taya zuwa bodi, da adadin buhunan da ka saba lodawa, sai in gaya maka ajin sifirin da ya dace da ita.